Lod Salisbury, Basaraken Ingila da Ya Raba Ƙasar Hausa da Alƙalami

Akwai ruɗani iri biyu da suka daɗe suna yawo a bakin jama'a, har da waɗansu masu ilmin zamani, game da yadda ƙasar Hausa ta faɗa hannun Turawa, ta kuma rabu gida biyu. Na farko shi ne zaton da ake yi cewa Gwamna Lugga, wanda sunansa ya fi na kowane Bature shahara a wurinmu, shi ne ya ƙulla al'amarin tun daga tushe, alhali kuwa shi ɗan aike ne, an turo shi ya karɓi abin da aka riga aka fara rabonsa a takarda shekara goma kafin ya kafa tuta a Lakwaja. Na biyu shi ne cewa wai a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka shata iyakar Nijeriya da Nijar, wannan ma ba haka yake ba. Wanda ya sa hannu a kan layin farko da ya ratsa ƙasashen nan wani basarake ne ɗan majalisar Ingila, mai suna Robert Gascoyne-Cecil, Makwis na uku na Salisbury, wanda ya shugabanci gwamnatin Birtaniya sau uku, jimillar shekara goma sha uku da 'yan watanni, ya kuma rayu ya mutu bai taɓa ganin kogin Kwara da idonsa ba. Fahimtar rayuwar wannan mutum ita ce mabuɗin fahimtar yadda aka yi wancan rabo, amma kafin a kai gare shi wajibi ne a fara warware waɗansu kalmomi.

Sarauta da majalisa a Ingila

Majalisar dokokin Ingila zaure biyu ce. Akwai Majalisar Wakilai, wadda ake shiga ta hanyar zaɓe, kuma ita ke riƙe da al'amarin haraji da baitulmali. Akwai kuma Majalisar Masu Sarauta, wadda a zamanin da muke magana ba a shigarta sai ta hanyar gado ko naɗin sarauniya, in ban da manyan limaman cocin Ingila da 'yan tsirarun alƙalai da ke zama a cikinta saboda muƙaminsu. Sarautun nan daraja biyar ne, daga sama zuwa ƙasa: Diyuk, Makwis, Al, Baikaunt da Baron, kuma kalmar Lod laƙabi ne na girmamawa da ake kiran mafi yawansu da shi. Ba sarakuna ba ne masu shari'a da dogarai irin namu. A wancan zamani ƙarfinsu yana ga mallakar ƙasa, da kuɗin hayar da manoma ke biyansu, da kujerar majalisa da ke bin jini.

Ƙa'idar gadonsu ta saɓa wa abin da muka sani ta fuska biyu. Ba a raba dukiyar gidan tsakanin magada kamar yadda ilmin fara'ili ya tsara a shari'ar Musulunci, kuma babu masu zaɓen sarki da za su zauna su duba wanda ya fi cancanta cikin 'ya'yan gidan. Babban ɗa namiji shi ke kwashe sarauta da gida da gonaki gaba ɗaya, ƙannensa kuwa sai su nemi abin yi a soja ko coci ko siyasa. Sai dai ana yi wa 'ya'yan manyan masu sarauta alfarmar laƙabi tun ubansu na da rai, ko da yake a idon doka su talakawa ne, suna da ikon tsayawa zaɓe. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai karatun tarihi zai ci karo da mutum ɗaya da suna uku: Lod Robert Cecil tun daga haihuwarsa har 1865, sa'an nan Baikaunt Cranborne bayan rasuwar wansa, sa'an nan Makwis na Salisbury daga 1868, lokacin da ubansa ya mutu. Ranar da ya gaji ubansa, a ranar nan ya rasa kujerarsa ta Majalisar Wakilai, ko yana so ko ba ya so, domin a wancan zamani babu hanyar da mutum zai ƙi gadon sarauta.

Shi kuwa Firayim Minista, kada a ɗauke shi kamar waziri wanda sarki ke naɗawa ya kuma tuɓe yadda ya ga dama. Sarauniya Biktoriya ce ke kiransa ya kafa gwamnati, amma ba ta iya kiran kowa sai wanda jam'iyyarsa za ta iya samun rinjaye a Majalisar Wakilai, kuma a hannunsa da majalisar ministocinsa tadbirin daula yake. Manyan jam'iyyu biyu ne a lokacin: Kwanzabatib, wato masu ra'ayin riƙau, waɗanda ake kuma ce wa Tori, da Libaral, masu son sassauci da gyare-gyare.

Asali da tasowa

An haife shi ran 3 ga Fabrairu 1830 a gidan Hatfield, wani ƙasaitaccen gida da ke arewa da Landan, wanda kakan kakanninsa Robert Cecil ya gina a farkon ƙarni na goma sha bakwai. Gidan nasu tsohon gidan wazirci ne, domin William Cecil, mai laƙabin Lod Burghley, shi ne babban mashawarcin Sarauniya Elizabet ta farko har kusan shekara arba'in, ɗansa Robert kuma ya gaje shi a wannan hidima. Bayan waɗannan biyu gidan ya shafe fiye da shekara ɗari biyu bai fid da wani fitaccen ɗan siyasa ba.

Ƙuruciyarsa ba ta yi daɗi ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara, aka kai shi makarantar Eton inda 'yan'uwansa ɗalibai suka matsa masa da cin zali har sai da aka cire shi yana da shekara goma sha biyar, kuma masu rubuta tarihinsa da dama suna ganin a nan ne ya fara ɗaukar aƙidar da ya mutu a kanta, cewa taron jama'a in ya sami iko ba shi da tausayi. Ya yi karatu a Okusfod, rashin lafiya ta sa aka tura shi doguwar tafiya ta teku zuwa Afirka ta Kudu da Ostareliya da Niyu Zilan, ya dawo a 1853, a shekarar kuma ya shiga Majalisar Wakilai a kujerar garin Stamford. Wannan kujera tana ƙarƙashin ikon ɗan'uwansu Makwis na Exeter, wanda duk wanda ya nuna shi masu ƙuri'a ke bi, saboda haka cikin shekara goma sha biyar da ya yi yana wakiltar garin ba a taɓa samun wanda ya tsaya takara da shi ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: mutumin da ya jagoranci jam'iyyarsa ta ci babban zaɓe sau uku, shi kansa bai taɓa neman ƙuri'a a gaban abokin hamayya ba.

A 1857 ya auri Georgina Alderson, 'yar wani alƙali, ba da son ubansa ba, domin uban yana ganin ba ta da dukiya ko nasabar da ta dace da gidan. Aka ƙuntata masa kuɗi, sai ya koma neman abinci da alƙalami, yana rubuta dogayen maƙalu a mujallun Saturday Review da Quarterly Review, galibi ba da sunansa ba. Wannan matsi ya zame masa alheri, domin a cikin rubuce-rubucen nan ne ya tsara tunaninsa na siyasa da hujjoji masu kaifi, irin waɗanda ba a saba ji daga 'ya'yan masu sarauta ba. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, mai son kaɗaici, marar kula da tufafi, wanda ya gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a Hatfield, ya kuma sa wa gidan wutar lantarki tun farkon shekarun 1880, lokacin da wayoyin ke tartsatsi a rufin ɗaki har iyalinsa su riƙa jifansu da matasan kai don kashe wutar.

Gabarsa da mulkin rinjaye

Tushen aƙidarsa shi ne cewa mulki amana ce da ta fi dacewa da masu dukiya da ilmi, waɗanda ke da abin da za su yi hasara in ƙasa ta lalace, kuma in aka miƙa ƙuri'a ga kowa da kowa, to marasa shi, da yake su ne mafi yawa, za su yi amfani da doka su washe masu shi. Bai ɓoye wannan ra'ayi ba, ya kuma biya farashinsa. A 1866 aka ba shi ministan al'amuran Indiya, amma da shugabannin jam'iyyarsa, Lod Derby da Benjamin Disraeli, suka kawo dokar 1867 wadda ta kusan ninka yawan masu zaɓe ta hanyar shigar da ma'aikatan birane, sai ya ajiye muƙaminsa tare da abokan aikinsa biyu, ya kuma zargi Disraeli a rubuce da sayar da aƙida don neman mulki.

Abin lura shi ne yadda ya sarrafa kansa bayan an ka da shi. Bai janye daga fage ba, bai kuma canja ra'ayi ba. Ya karɓi abin da ya faru a matsayin hukuncin da ba ya warwaruwa, ya mai da himmarsa ga jinkirta abin da zai biyo baya. Ya koma gwamnatin Disraeli a 1874, ya zama ministan harkokin waje a 1878. Da William Gladstone na Libaral ya kawo dokar 1884 don ba ma'aikatan karkara ƙuri'a, Salisbury ya sa Majalisar Masu Sarauta ta tare ta, har sai da aka yarda a sake yanka mazaɓu a lokaci ɗaya, aka mai da mafi yawansu masu wakili guda. Ya hango abin da da yawa daga mutanensa ba su hango ba, wato cewa akawuna da 'yan kasuwa da masu ƙananan gidaje a unguwannin bayan gari suna tsoron juyin sarauta kamar yadda shi ma yake tsoro, kuma in aka ware musu mazaɓunsu za su zaɓi Kwanzabatib. Haka kuwa aka yi. Ya kuma kafa wata fatawa ta siyasa, cewa haƙƙin Majalisar Masu Sarauta ne ta mai da duk wata babbar doka da ba a nemi ra'ayin al'umma a kanta ba a lokacin zaɓe, wadda da ita ya mai da majalisar gado ta zama kamar mai kare muradin masu ƙuri'a.

Shugabancin gwamnati

Ya fara zama Firayim Minista a Yuni 1885 na 'yan watanni, ya dawo daga 1886 zuwa 1892, sa'an nan daga 1895 zuwa 1902. Sababin wannan dogon zamani shi ne mas'alar Ailan. Da Gladstone ya ƙudura ba tsibirin majalisar kansa a 1886, jam'iyyar Libaral ta tsage, wani ɓangare ƙarƙashin Lod Hartington da Joseph Chamberlain ya dawo gefen Salisbury, daga 1895 kuma suka shiga gwamnati tare. Maganin da shi ya ga ya dace da Ailan shi ne shekara ashirin na mulki mai tsauri, ya kuma ɗora ɗan 'yar'uwarsa Arthur Balfour a kan aikin a 1887. A 1893, da Majalisar Wakilai ta amince da dokar cin gashin kan Ailan, Majalisar Masu Sarauta ta yi watsi da ita da ƙuri'a 419 a kan 41.

A cikin gida an yi waɗansu gyare-gyare a zamaninsa, kamar kafa majalisun gundumomi na zaɓe a 1888, da ɗauke kuɗin makarantar firamare a 1891, da dokar diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a 1897, ko da yake yawancinsu ya yarda da su ne don riƙe abokan ƙawancensa. Zuciyarsa tana ga harkokin waje, shi ya sa mafi yawan shekarun nan ya haɗa shugabanci da wannan ma'aikata a hannunsa, har zuwa 1900. Da yake ba shi da izinin yin magana a Majalisar Wakilai, sai ya bar jagorancinta ga W. H. Smith, daga baya ga Balfour.

Taron Balin biyu, da layin Sayi zuwa Barwa

An yi manyan taruka biyu a birnin Balin, kuma haɗa su da ake yi shi ne asalin rabin ruɗanin. Na 1878 a kan daular Usmaniyya ta Turkiyya da ƙasashen Balkan aka yi shi, bayan yaƙinta da Rasha. Shi ne Salisbury ya halarta tare da Disraeli, a lokacin ne kuma Ingila ta karɓi tsibirin Kubrus daga hannun Sarkin Istanbul. Na 1884 zuwa 1885, wanda ya shafi Afirka, an yi shi Gladstone na kan mulki, kuma abin da ya zartar shi ne 'yancin ciniki a yankin Kwango, da 'yancin zirga-zirgar jirage a kogunan Kwango da Kwara, da sharaɗin cewa duk daular da ta kama wani sabon wuri a gaɓar teku ta sanar da sauran, ta kuma kafa iko na zahiri. Bai ja iyaka ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Iyakokin sun zo daga baya ne, ta hanyar yarjejeniyoyi tsakanin dauloli bibbiyu, kuma a shekarun da aka ƙulla mafi muhimmancinsu Salisbury ne ke riƙe da alƙalamin Ingila.

Don a gane abin da ya yi, sai an san ma'auninsa. A wurinsa jarin daula shi ne Indiya, da hanyar zuwa Indiya ta mashigin Suwez, da Masar wadda Ingila ta mamaye tun 1882, da kogin Nilu wanda rayuwar Masar ta rataya a kansa. Duk abin da ke wajen wannan da'ira abin musaya ne. A Yuli 1890 ya ba Jamus ɗan tsibirin Heligoland, Jamus kuma ta sakar masa Zanzibar da hanyar Uganda, inda Nilu ya faro. Faransa ta ta da ƙayar baya, domin akwai tsohon alkawari na 1862 tsakaninta da Ingila a kan 'yancin Zanzibar, saboda haka sai aka nemi abin da za a rufe bakinta da shi. Ran 5 ga Agusta 1890 Salisbury da jakadan Faransa Waddington suka sa hannu a kan takardar da ta amince wa Faransa da Madagaska, ta kuma bar mata duk abin da ke kudu da ƙasashenta na Afirka ta Arewa har zuwa wani layi da ya tashi daga Sayi a bakin Kwara ya ƙare a Barwa a gaɓar tafkin Chadi, da sharaɗin a lanƙwasa layin yadda duk abin da yake na daular Sakkwato bisa gaskiya zai faɗa rabon Kamfanin Neja na Ingila. Ƙasashen Adar da Damargu da Azbin, da hanyoyin ayarin da suka ciyar da kasuwar Kano ɗaruruwan shekaru, sun tafi ne kamar gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki.

Hujjar Ingila a kan Sakkwato ita ce takardun da Joseph Thomson ya karɓo a 1885 daga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da Sarkin Gwandu, a madadin kamfanin George Goldie, wanda daga baya ya zama Kamfanin Neja. Fadar Sakkwato ta ɗauki waɗannan takardu a matsayin amanar ciniki da aka ba baƙin fatake, irin wadda shari'a ta san da ita, kamfanin kuwa ya kai su Turai a matsayin shaidar mallaka. Babu wanda ya nemi shawarar Sarkin Musulmi, ko Shehun Borno, ko Sarkin Damagaram a kan layin 1890. Salisbury da kansa bai ɓoye yadda aka yi aikin ba. A wani jawabi da ya yi a Landan a Agusta 1890 ya faɗa, cikin raha, cewa sun yi ta jan layuka a taswirar wuraren da Bature bai taɓa takawa ba, suna ba juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna waɗanda su kansu ba su san takamaiman inda suke ba. A Majalisar Masu Sarauta kuma ya kare kansa da cewa abin da ya bar wa Faransa rairayin Sahara ne, maganar da ta fusata Faransawa, musamman bayan jami'insu Monteil ya ratsa Sayi da Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1890 da 1892, ya koma ya ba da labarin cewa bai ga wani ikon kamfanin Ingila a waɗannan birane ba.

Layin bai kashe gardama ba. Aka yi tseren zuwa Nikki a ƙasar Bargu a 1894, inda Lugga ya riga Faransawa isa da 'yan kwanaki. Goldie ya ci Bida da Ilori a 1897. A shekarar kuma Chamberlain, wanda ya zama ministan ƙasashen mallaka, ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma ya danƙa wa Lugga. Chamberlain yana shirye ya kai al'amarin bakin yaƙi, Salisbury kuwa yana ganin dajin Bargu bai kai a zub da jinin Turawa dominsa ba, balle ga mas'alar Nilu tana tafe. Suka daidaita da Faransa ran 14 ga Yuni 1898: Nikki ta tafi Faransa, Busa ta zauna wa Ingila, aka tsai da iyakar arewacin ƙasar da ake kira Gana a yau, aka kuma kafa tsinken kamfas a kan birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100 ta arewa. Kusan wata uku bayan haka Kitchener, kwamandan Ingila, ya karya rundunar Halifa Abdullahi a Omdurman ta ƙasar Sudan, inda Ansaru kimanin 10,000 suka kwanta dama, nasa mamatan kuwa ba su kai 50 ba, ya wuce Fashoda a bakin Nilu ya tarar da Marchand na Faransa. A nan Salisbury, wanda ya yi sassauci a Kwara, ya ƙi motsawa ko taƙi ɗaya, har Faransa ta janye. A ƙarshen 1899 gwamnatinsa ta karɓe ikon mulki daga Kamfanin Neja a kan diyyar fam 865,000, ran 1 ga Janairu 1900 kuma Lugga ya yi shelar kafa Arewacin Nijeriya.

Saɓanin malaman tarihi

Masu yabonsa, tun daga 'yarsa Gwendolen wadda ta rubuta tarihinsa a mujalladi huɗu har zuwa Andrew Roberts a 1999, suna kafa hujja da cewa a zamanin da dauloli suka yi wawason nahiya guda, shi ne ya hana wawason ya zama yaƙi tsakaninsu, da haƙuri da sanin lokacin bayarwa da lokacin hanawa. Suna ƙarawa da cewa ba shi da ɗokin mamaya irin na Chamberlain ko Cecil Rhodes na Afirka ta Kudu, ba ya fahariya, ba ya kuma yaudarar kansa da cewa Ingila ta fita duniya ne don taimakon kowa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya.

Masu sukarsa kuwa suna nuni da Ailan, inda jinkirin da ya jawo ya sa mas'alar da za a iya warwarewa da doka ta ƙare da bindiga bayan mutuwarsa. Suna nuni da yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, wanda ya shiga ba da ɗoki ba amma ya shiga, inda mata da yaran Turawan Buwa fiye da 26,000 suka mutu a sansanonin tsare mutane, ban da dubban baƙaƙen fata da suka mutu a nasu sansanonin. Suna ambaton yunwar Indiya ta 1866 da ta 1876 zuwa 1878, waɗanda duka suka faɗo yana riƙe da ma'aikatar al'amuran Indiya. Suna kuma tuna yadda ya cika gwamnatinsa ta 1900 da 'ya'ya da surukai da dangi har 'yan adawa suka yi mata laƙabi da masaukin gidan Cecil, da yadda a 1888 ya yi wa Dadabhai Naoroji ɗan Indiya gorin launin fata, yana shakkar masu zaɓen Ingila za su zaɓi irinsa, ga shi kuwa a 1892 suka zaɓe shi.

A ganina ɓangarorin biyu ba su ci karo da juna ba kamar yadda ake zato, domin zaman lafiyar da ake yaba masa a kansa da ƙasar waɗansu aka saye shi. Hikimarsa ta gaske ce, tsoronsa na yaƙi na gaske ne, amma da'irar mutanen da yake lissafa jininsu da haƙƙinsu ƙarama ce ƙwarai. A jawabinsa na Mayu 1898 ya kasa al'ummomin duniya kashi biyu, rayayyu da masu mutuwa, ya ce babu makawa na farko su ci ƙasar na biyu. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙaddara ba zai ga dalilin tambayar Sarkin Musulmi Abdurrahman ra'ayinsa ba, kuma wannan rashin tambaya zalunci ne, ko da an yi shi cikin natsuwa da ladabin diflomasiyya.

Abin da ya biyo baya

Matarsa ta rasu a 1899, ƙarfinsa ya ragu, ya sauka a Yuli 1902 bayan an ƙulla sulhu a Afirka ta Kudu, Balfour ya gaje shi, ya mutu a Hatfield ran 22 ga Agusta 1903. Adalci ya wajabta a faɗi cewa cin Kano a Fabrairu 1903, da Sakkwato a Maris, da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli, duk sun auku ne bayan ya bar mulki. Haka nan iyakar da ke nan yau ba ita ce ainihin tasa ba, domin bakan 1898 ya bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake turo layin kudu a 1904 da 1906, har Birnin Ƙonni da Maraɗi da Tsibiri suka tabbata a hannun Faransa. Amma ƙa'idar cewa za a raba, da cewa Sakkwato da Kano na Ingila ne, arewa da su kuma na Faransa, tasa ce. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakokin da aka gada yadda suke, don gudun fitina, saboda haka layin mai tsawon kimanin kilomita 1,500 yana nan tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Illela da Ƙonni, kuma duk lokacin da aka rufe shi, kamar a 2019 da 2023, 'yan kasuwar Jibiya da masu zumunci a ƙetare su ke fara ji a jikinsu.

A Ingila kuwa shi ne na ƙarshe da ya yi dukan zamanin shugabancinsa daga Majalisar Masu Sarauta. Makamin da ya wasa mata ya juyo kanta, domin da ta yi watsi da kasafin kuɗin Libaral a 1909, sai dokar 1911 ta ƙwace mata ikon kashe doka, ta bar mata na jinkirtawa kawai. A 1958 aka fara naɗa sarautar da ba a gado, a 1963 aka halatta ƙin karɓar gado, abin da ya ba Lod Home damar ajiye sarautarsa ya koma Majalisar Wakilai a matsayin Firayim Minista. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta fitar da masu kujerar gado, in ban da 92, kuma wanda ya ƙulla sulhun da ya tsirar da waɗannan 92 wani Lod Cranborne ne daga zuriyar Salisbury, wanda daga baya ya zama Makwis na bakwai. A 2024 gwamnatin Leba ta gabatar da ƙudurin fitar da su ma.